Ɗakin Kwanto Bisa Dirkoki Huɗu

Duk wanda ya taɓa ratsa karkarar Jamus cikin jirgin ƙasa, ko kuwa ya bi hanyoyin ƙauye na jihohin Mishigan da Wiskonsin a Amurka, lalle idonsa ya faɗa a kan waɗansu 'yan ɗakuna na katako da ke tsaye bisa dogayen dirkoki huɗu, wani a bakin gona, wani a gefen kurmi, kowanne da tsaninsa a jingine da 'yan tagoginsa matsattsu. Baƙo yakan zaci hasumiyar masu gadi ce, ko kuwa wani irin rumbu ne da Turawa suka ɗaga sama don gudun ɓera. Ba ko ɗaya. Ɗakin kwanto ne na maharba, inda mutum zai hau tun da duhun asuba, ya jawo ƙyaure, ya zauna shiru da bindiga a cinya yana dakon barewa.

An ce barewa ne don babu wani suna da ya fi kusa, amma dabbar ba ita ce barewar da Bahaushe ya sani ba. Barewar ƙasar Hausa, da gada, da gwanki, ƙahon da suka yi tun suna ƙanana da shi za su mutu. Ita kuwa wannan, namijinta ne ke da ƙaho, ƙahon kuma reshe-reshe yake kamar busasshen itace, kowace shekara sai ya zubar da shi wani sabo ya tsiro. A duk Afirka babu inda danginta ke zaune tun asali sai dazuzzukan kan iyakar Tunisiya da Aljeriya. Wadda ta fi yawa a Amurka ita ce mai farar wutsiya, wadda in ta firgita takan ɗaga wutsiyar sama kamar tuta ta zura da gudu. Babban namiji a jihohin arewa yakan kai nauyin laba 200, wani ma ya zarce.

Wajen shekarar 1900 saura ƙiris a ƙarar da ita. 'Yan kasuwar nama da fata sun karkashe ta har masana suna ƙiyasin abin da ya rage a faɗin ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. A wannan shekara ce majalisar Amurka ta kafa dokar Lacey, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga wata jiha zuwa wata. A 1937 kuma aka kafa dokar Pittman da Robertson, wadda ta keɓe harajin bindigogi da harsashi don kula da namun daji. Magani ya yi aiki har ya so ya wuce gona da iri. Yau ana ƙiyasin yawanta ya kai kimanin miliyan 30, ga shi kuwa tuntuni an kawar da kyarkeci da zakin dutse, masu rage ta, daga mafi yawan gabashin ƙasar. Maharba na kashe wajen miliyan 6 kowace shekara, duk da haka motoci na karo da ita fiye da sau miliyan ɗaya a shekara, banda ɓarnar masara da waken soya da take yi wa manoma. A Jamus ma abin da ake harbewa na wata 'yar ƙaramar barewarsu ya haura miliyan ɗaya a shekara. Saboda haka farautar ta zama aikin shekara-shekara, da lasin, da ranakun da hukuma ta yanka. A Mishigan ana buɗe farautar bindiga ranar 15 ga Nuwamba a rufe ranar 30. A Wiskonsin kwana tara ne cur, ana farawa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiyarsu na ƙarshen watan, mutum fiye da rabin miliyan ke fita daji.

To, me ya kai maharbi sama? Maharbin Hausa na da, shi ke zuwa wurin nama: ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kai inda kibiya za ta isa. A kurmin Amurka, lokacin da busasshen ganye ya rufe ƙasa, kowane taku sai ya yi ƙara, don haka dabara ta juye, aka bar nama shi ya zo. Barewar kuwa makamanta uku ne, ido da kunne da hanci, hancin ne kuma babba. Idonta bai cika rarrabe ja da ruwan goro daga launin ciyawa ba, abin da ya sa maharba ke iya sa riga mai launin ruwan goro rau don 'yan'uwansu su hango su ba tare da nama ya tsorata ba. Amma motsi, komai ƙanƙantarsa, ba ya wuce ta. Ɗaki mai bango yana ɓoye motsin hannu da na kai, yana rage ƙara, yana kuma tsare wani abu daga warin jiki. Tsayin kuma yana sa iska ta kwashi sauran warin ta bisa kan dabbar da ke kusa, ya kuma ba maharbi damar hangen abin da dogon haki zai ɓoye masa in yana ƙasa. Sa'an nan ga sanyi. Wanda ya zauna a fili cikin jaurar Nuwamba ta Wiskonsin, inda ruwa ke daskarewa a gora, da wuya ya yi sa'a biyu bai fara karkarwa da mutsu-mutsu ba. Wanda ke cikin ɗaki yana iya wuni.

Akwai dalili na ƙarshe, wanda Jamusawa suka fi bai wa muhimmanci domin ƙasarsu a cike take da ƙauyuka da hanyoyi. Harsashin bindigar barewa yana iya tafiyar fiye da mil 2 in bai sami abin da ya tare shi ba, komai nisan jifa kuwa ƙasa zai faɗo, sai dai ba a san a kan wa ba. Wanda ya yi harbi daga sama, bakin bindigarsa ƙasa yake kallo, in ya kuskure ƙasa ce za ta haɗiye harsashin. Amma fa wannan kariya ta kusa ce kawai. In bakin bindiga yana ƙafa 15 daga ƙasa, nama kuma yana nisan yadi 200, karkatar harsashin ba ta kai digiri 2 ba, a kan daskararriyar ƙasa yana iya tsalle ya ci gaba da tafiya. Hawa sama bai ɗauke wa kowa wajibin sanin abin da ke bayan abin harbinsa ba.

Abin mamaki shi ne, tsayin nan da ke kare mutanen ƙauye daga harsashi shi ne ya zama babban abokin gaban maharbin kansa. Likitocin asibitocin karkara a jihohin farauta sun daɗe suna shaida cewa waɗanda ake kawo musu a watan Nuwamba sun faɗo daga bishiya ko daga ɗakin kwanto sun fi waɗanda bindiga ta raunana yawa. Lissafin kuwa ba wuya gare shi. Wanda ya suɓuce daga ƙafa 12 bai cika daƙiƙa ɗaya a iska ba, zai kuma daki ƙasa da saurin mil 19 a sa'a, sanye da kaya masu nauyi, shi kaɗai, cikin duhu, nesa da hanya. Abin da ke karyewa sau da yawa ƙashin baya ne ko na ƙugu, wanda lakarsa ta tsinke kuwa ya gama tafiya da ƙafafunsa ke nan. Yawancin masu gina irin wannan ɗaki hankalinsu na tafiya ne ga tagogi da kujera da fenti, watau ɗakin kansa, alhali ran mutum yana rataye ne a kan abin da ba a cika yaba wa kowa a kansa ba: dirkoki, da tokara, da turaku, da tsani.

Kafin a sari katako ko ɗaya, sai an zaɓi wuri, a nan kuwa iska ce mai hukunci. A jihohin tsakiyar Amurka ta arewa iskar kaka ta fi busowa daga yamma ko arewa maso yamma, don haka ake kafa ɗakin a gabas ko kudu maso gabas da inda ake sa ran nama zai fito, ta yadda iska za ta taso daga wajen dabba zuwa wajen mutum. A wuri mai gangara akwai wata ƙa'ida: da safe in rana ta ɗumama ƙasa iska hawa take, da maraice kuma ta gangaro kwari tare da warin duk wanda ke bisa tudu. Hanyar da maharbi zai bi ya iso ɗakin ita ma abin dubawa ce, gama in ya ratsa makwancin barewa a hanyarsa ya gama farautar ranar tun bai hau ba. A mafi yawan dazuzzukan gwamnati an hana kafa gini na dindindin, saboda haka irin wannan ɗaki sai a gonar mutum ko a filin da ya yi haya da yardar mai shi. Masu hankali sukan gama ginin tun cikin bazara, watanni kafin buɗe farauta, domin nama ya saba da ganinsa, warin sabon katako da fenti kuma ya gushe.

Girman ɗakin yawanci awon katakon kasuwa ne ke yanke shi. Faffaɗan allon katako mai falle-falle ana sayar da shi ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo, shi ya sa ɗakin mutum ɗaya kan zama ƙafa 4 ta kowane gefe, na mutum biyu kuma 4 da 6, ko 6 da 6. Daga daɓe zuwa rufi ƙafa 6 da 'yan kai, yadda mutum zai miƙe tsaye ya warware gajiya. Ana shimfiɗa daɓen da allo mai kaurin rubu'i uku na inci ko fiye, a bisa katakai masu inci 2 da 6 da aka jera a tsaye tazarar inci 16, don kada ya lotsa ko ya yi ƙara in an taka. Game da tsayin dirkoki kuwa, a nan ne son burgewa ke shigowa. Ƙafa 8 zuwa 12 sun wadatar a mafi yawan wurare. A kudancin Teksas, inda ƙaya ta yi duhu har sai an share dogayen layuka a cikinta kafin a hangi komai, ana ganin waɗanda suka fi haka nesa. Sai dai kowace ƙafa da aka ƙara, an ƙara wa iska ƙarfi a kan ginin, an kuma ƙara wa mai faɗuwa nisan tafiya.

Dirkokin kansu katako ne mai inci 4 ta kowane gefe, in ɗakin babba ne a sa mai inci 6. Ba a tsayar da su tsaye cak kamar ƙafar tebur. Ana buɗa su waje ne ta fuska biyu, yadda gindin zai fi saman faɗi, kamar tsayuwar ɗan kokawa da ke jiran karo. Akwai maƙalai na ƙarfe da ake sayarwa musamman don wannan aiki, an riga an karkata bakinsu, sai dai a zura dirka a ɗaure. Ɗaki mai faɗin ƙafa 4 a bisa dirkoki masu tsawon ƙafa 10, tazarar gindinsa takan kusanci ƙafa 7. Bayan wannan sai tokara, wadda ita ce asirin duk ginin. Katakai huɗu da aka haɗa murabba'i, in an tura su ta gefe sai su karkace su kwanta, amma uku da aka haɗa alwatika ba sa motsi sai ɗaya ya karye. Don haka a kowace fuska ta huɗun ana gicciya katakai biyu daga saman wannan dirka zuwa gindin waccan, a kuma ɗaure su a inda suka haɗu a tsakiya. Wanda ya tokare fuska biyu ya bar biyu don tsimin katako, ginin zai yi masa kyau ranar da aka gama, ya kuma ci gaba da yi masa kyau har ranar da hadari ya taso ta fuskar da ya bari.

Mai karatu na iya cewa ai nauyin ɗakin ya isa ya riƙe shi. Ga lissafi. Bango mai faɗin ƙafa 6 da tsayin ƙafa 7, in iska mai gudun mil 60 a sa'a ta dake shi, tana tura shi da ƙarfin da ya kusa laba 400, watau nauyin buhun siminti uku da rabi, ba kuma a gindi take turawa ba, a can sama ne, ƙafa 13 ko fiye daga ƙasa, inda ɗan ƙarfi kaɗan ke kayar da babban abu. Irin wannan iska kuwa ba baƙuwa ba ce a filayen Amurka. Shi ya sa ake ɗaure ginin da ƙasa. Waɗansu sukan murɗa dogayen turakun ƙarfe masu kai kamar na sukuru cikin ƙasa, su ja igiyar ƙarfe daga ƙarƙashin daɓe zuwa turakun su tamke. Waɗansu sukan binne dirkokin da siminti, amma a ƙasashen sanyi sai ramin ya zarce inda ƙasa ke daskarewa, in ba haka ba daskarewa da narkewa za su riƙa cira dirkar sama kaɗan-kaɗan har ginin ya karkace. A Mishigan dokar gini ta sa zurfin harsashin gida ya kai inci 42 saboda wannan dalili. Jamusawa sun fi son ɗora kowace dirka a bisa faifan dutse ko na siminti, su kafa ƙarfe a gefenta su ɗaure, don kada katako ya taɓa danshi. Hikimar da ta sa manomin Hausa ke ɗora rumbu a kan duwatsu ke nan.

Akwai wani tarko a cikin katakon kansa wanda ya ci mutane da dama. Domin kada ya ruɓe ko ƙwari su ci, katakon waje a Amurka ana dafa shi da magani. Har zuwa ƙarshen 2003 maganin da aka fi amfani da shi yana ɗauke da gubar asanik, daga nan aka janye shi daga ayyukan gida aka koma ga magunguna masu yawan jan ƙarfe. Jan ƙarfen nan, in ya sami danshi, cin baƙin ƙarfe yake yi. Ƙusa ta gama-gari da aka buga a irin wannan katako tana iya zama lafiya lau a ido, kanta na ƙyalli, alhali cikinta ya zama tsatsa. Don haka sai wadda aka tsoma a narkakkiyar tutiya, ko wadda aka ƙera da ƙarfen da ba ya tsatsa. A duk mahaɗar da ke ɗauke da nauyi kuwa, ƙusa ba ta da wuri ko kaɗan: a huda katakan biyu, a zura ƙarfe mai noti mai kaurin rabin inci ya fita ta ɗaya gefen, a ɗaure. Ƙusa zarewa take yi sannu a hankali duk lokacin da iska ta girgiza gini, ba ta kuma yin sallama ranar da za ta fita.

Wajen tayar da ginin hanya biyu ce. Ko dai a harhaɗa shi duka a kwance a jawo shi da tarakta ya miƙe, wanda yake da sauri amma in gindin dirka ya zame sai abin da Allah ya yi. Ko kuwa a fara kafa dirkoki da daɓe, a tokare, a ɗaure da ƙasa, sa'an nan a miƙa bangaye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka riga aka haɗa a gida. Ta biyun ta fi jinkiri, ta kuma fi aminci. Ko wace aka bi, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

Sauran aikin ɗakin kowane kafinta zai iya. Tagogin mai bindiga kwance ake yanka su, tsayinsu bai wuce inci 10 ko 12 ba, a daidai inda mutum zai ɗora bindiga yana zaune. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo ainihin kujerar da za a zauna a kai a auna da ita kafin a yanka. Mai baka da kibiya tagarsa tsaye take, ta fi tsawo. Ana shafe cikin ɗakin da baƙin fenti don kada a hango inuwar mutum ta taga, ana shimfiɗa tsohuwar darduma a daɓe saboda ƙarar takalmi, a kuma naɗe bakin taga da tsumma ko roba don kada ƙarfe ya bugi katako. Rufin kwano ne mai gangara zuwa baya, da ɗan baki da ya zarce bango don ruwa, a ƙarƙashinsa a sa allo, in ba haka ba yayyafi kaɗan zai mai da ɗakin ganga. Duk wata kafa kuma a toshe ta, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kuwa masu shigar rina ne da ɓera, in an bar taga a buɗe har mujiya da ungulu sukan yi sheƙa su ƙyanƙyashe.

Sai tsani, inda mafi yawan haɗarin ke aukuwa, domin ba a zaune ake faɗowa ba, wajen hawa ne da sauka, musamman a ɗan takin nan na ƙarshe tsakanin tsani da ƙofa. A nan Jamusawa sun cancanci yabo, don sun rubuta abin a doka. Ƙa'idojin hana haɗari na hukumar inshorar manomansu, waɗanda suka shafi maharba, sun ce ba a yarda da matakan da aka buga da ƙusa a bisa tsani ba sai in tsanin a jingine yake, ba a tsaye cak ba, kuma dole kowane mataki ya sami abin da ya tallafe shi ta ƙasa. Watau ko a sassaƙa masa gurbi a jikin sandar tsani ya zauna a ciki, ko a kafa masa ɗan katako ko ƙarfe a ƙarƙashi, yadda nauyin mutum zai sauka a kan itace, ba a kan ƙusa ba. Wanda ke da hali, matakala mai marikin hannu ta fi tsani nesa ba kusa ba. A samanta a yi ɗan dandamali mai shinge a bakin ƙofa, inda mutum zai tsaya da ƙafa biyu kafin ya taɓa ƙyaure. Ƙyauren da ke buɗewa waje a kan mai tsaye bisa tsani, tura shi baya yake yi. Matakan kuma a lulluɓe su da ragar waya ko wani abu mai kaushi, saboda raɓa da ta daskare a kan katako ta fi sabulu santsi. Ba a hawa da bindiga a hannu ko a kafaɗa. Ana cire harsashi, a ɗaura ta a igiya bakinta na kallon ƙasa, in an shiga an zauna a jawo ta.

Haɗari ɗaya ya rage, shi kuwa ɗakin da aka gina da kyau ya fi kamawa. Da yawa sukan shiga da ɗan murhun gas don jin ɗumi. Wuta a rufaffen wuri tana cinye iskar shaƙa, tana kuma iya fitar da wata muguwar iska marar launi marar wari, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid, ita ce dai wadda ke kashe iyali in an kwana da garwashi ko janareta a ɗaki. Farkonta ciwon kai ne da jin barci, maharbin da ya tashi tun ƙarfe huɗu na dare kuwa ba zai ga baƙon abu a jin barci ba. Saboda haka duk yadda aka kai ga toshe kafofi, sai an bar mashigar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, an rufe su da raga.

Ba duka maharba ne ke ganin ɗakin da mutunci ba. Tun 1887, sa'ad da Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone da Crockett, akwai aƙidar cewa farauta ta gaskiya ita ce wadda aka bar wa dabba hanyar tsira. Masu wannan ra'ayi sukan ce wanda ya zauna a kujera mai laushi, ga murhu ga shayi, yana jiran barewa ta zo cin masarar da na'ura ta watsa mata, kamar yadda doka ta yarda a Teksas, ba farauta yake yi ba, yanka yake jira. Game da watsa abinci maganarsu na da ƙarfi, jihohi da dama ma sun hana shi, domin tara dabbobi a wuri ɗaya na yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai rama su har lahira, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967, ta kuma bayyana a Wiskonsin a 2002. Amma game da ɗakin kansa sun so su yi tsanani. Wanda ya ɗora bindiga a bakin taga, hannunsa ba ya rawa don sanyi, ya fi mai harbi a tsaye damar kashewa nan take, ba ya barin dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu a ɓoye. Ɗakin ne kuma ke bai wa tsoho mai ciwon gwiwa damar ci gaba da fita, ya zaunar da jikansa a gefe yana nuna masa abin da ake harbi da abin da ake ƙyalewa.

Sai dai tsohon da jikan su ne suka fi kowa bukatar ginin ya zama an duba shi, katako kuwa da ke tsaye cikin ruwa da rana da ƙanƙara shekara bayan shekara ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙa'idar Jamus ta wajabta a duba kowane ɗakin kwanto kafin a hau shi, a kuma yi masa cikakken bincike aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai binciken yakan tafi da guduma da abin kwance sukuru. Ya ƙwanƙwasa kowace dirka ya saurari amonta, ya caka tsinin ƙarfe a gindinta da kuma inda matakai suka haɗu da sandar tsani, gama a nan ruwa ke kwanciya; in tsinin ya shige ba da wahala ba, katakon ya tashi aiki ko da bayansa na da kyau. Ya ƙara ɗaure notocin da suka saki sa'ad da katako ya bushe ya tsuke, ya ja igiyoyin turaku ya ji ko sun yi sako-sako, ya ɗaga darduma ya dubi daɓe. A Jamus akwai ƙarin dalilin dubawa, domin lokaci-lokaci masu ƙin farauta sukan bi dare su zarta dirka ko matakin tsani rabi su bar shi a tsaye. Ƙa'idar ta kuma ce ɗakin da aka daina amfani da shi a rushe shi, kada a bar shi a bakin kurmi, inda yaran ƙauye da masu yawon shan iska ke wucewa ranar Lahadi.